Wanne Za Ka Ɗauka a Fina-finan Buñuel: Na Yaran Titi, Na Masu Jiran Abinci, Ko Na Baƙin Falo?

Duk wanda ya tashi a Kano yana kallon fim ɗin Indiya, ko a Plaza ne ko a Marhaba ko a bidiyon gidan maƙwabta, ya san yadda ake shiga mafarki a fim. Jarumi zai jingina da bango ya lumshe ido, kiɗa ya tashi, sai ga shi a kan dutsen ƙanƙara shi da budurwa sun canja kaya. Waƙa na ƙarewa a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Hanyar da 'yan Kannywood suka gada ke nan. Mai kallo ba ya ɓacewa, domin an yi masa sallama kafin a shiga, an kuma sanar da shi da za a fita. Luis Buñuel, daraktan fim ɗan Sifaniya, ya shafe kusan shekara hamsin yana ƙin yin wannan sallamar, kuma kowane fim nasa da ƙofar da mafarki ya biyo ya shigo. Da wannan ƙofar nake auna su.

An haife shi a 1900 a Calanda, wani ƙaramin gari a yankin Aragon na Sifaniya. Limaman Katolika ne suka fara koyar da shi a Zaragoza, bai kuma taɓa yafe musu ba. A Madrid ya yi abota da mai zane Salvador Dalí da marubucin waƙoƙi Federico García Lorca, daga nan ya wuce Paris ya shiga ƙungiyar 'yan suriyalis, waɗanda André Breton ya fitar wa da takardar manufa a 1924. Aƙidarsu ita ce abin da ke tasowa daga mafarki da can ƙasan zuciya, inda hankali bai sa linzami ba, shi ma gaskiya ne, ya cancanci a zana shi, a rubuta shi, a ɗauke shi a fim. A 1929 shi da Dalí suka yi Un Chien Andalou da kuɗin mahaifiyarsa. Bai kai rabin awa ba. A farkonsa mutum ya wasa reza ya tsaga idon mace, daga baya tururuwa ta riƙa fitowa daga tafin hannun wani. Idon mataccen ɗan maraƙi aka yanka, amma sanin hakan ba ya hana ka kau da kai. Kallonsa wajibi ne ga ɗalibin fim, a Jami'ar Bayero yake ko a shagon tace hoto a Zoo Road. Sai dai ba shi ne fim ɗin da mutum zai riƙa komawa gare shi don ƙauna ba, saboda haka na fitar da shi daga takara. Buñuel ya yi fim sama da talatin kafin ya rasu a birnin Meksiko a 1983, takarar kuwa a wurina tsakanin uku take.

Na farko shi ne Los Olvidados, wato waɗanda aka manta da su, na 1950. Ya yi shi bayan ya koma Meksiko da zama a 1946. Fim ɗin ya buɗe da hotunan New York da Paris da Landan, mai magana yana cewa kowane babban birni yana ɓoye da yaran da yunwa ta raina a bayan manyan gine-ginensa, sannan aka sauko unguwannin talakawan birnin Meksiko. Jaibo ya gudo daga gidan kangararru ya dawo ya zama shugaban yaran unguwa. Pedro ƙarami ne, yana son ya shiryu, amma uwarsa ta cire shi daga ranta, ko abinci ba ta son ba shi. A gaban Pedro Jaibo ya kashe wani saurayi mai suna Julián da yake zargin shi ya tona masa asiri, daga ranar kuma ya ɗaure yaron da wannan sirrin. Akwai makaho mai kiɗa a bakin kasuwa, akwai wani ɗan ƙauye da ubansa ya ce masa jira ni a nan bai sake dawowa ba, har ya zama ɗan jagoran makahon. Bakano ba ya bukatar a yi masa bayanin waɗannan mutanen. Ya gan su a tasha, ya gan su a ƙarƙashin gada, ya san yadda yaro ke shiga daba ba don ya so ba.

Abin da ya raba wannan fim da sauran fina-finan tausayin talaka shi ne Buñuel bai yarda talauci yana gyara hali ba. Yaran sun yi wa makahon duka sun fasa masa ganga, ka ji tausayinsa, can gaba sai ka ga shi ma mugu ne, yana cutar ɗan jagoransa, yana kai hannu jikin ƙaramar yarinya. Mutumin kirki ɗaya da ke da iko shi ne shugaban makarantar gyaran hali da aka kai Pedro bayan an ɗora masa satar wuƙar da Jaibo ya ɗauke a maƙera. Ya ba shi takardar peso hamsin ya aike shi sayen taba a waje, don yaron ya ga an amince da shi. Pedro ya fita da murna, bai yi nisa ba ya ci karo da Jaibo, kuɗin suka tafi. Ƙarshensa gawar Pedro a kan jaki, aka kai ta juji da dare aka mirgina.

Mafarki ɗaya ne babba a ciki, kuma an nuna maka yaron ya kwanta. An rage gudun hoton, gashin kaza yana zubowa, Julián na ƙarƙashin gado jina-jina yana dariya, uwar ta taso kamar ba ta taka ƙasa ta miƙo wa Pedro ɗanyen nama, sai hannun Jaibo ya fito daga ƙarƙashin gadon ya fizge. Minti kaɗan ne, amma duk labarin yana cikinsa. Da fim ɗin ya fita, 'yan Meksiko suka ce an ci mutuncin ƙasarsu, aka cire shi daga silima bayan 'yan kwanaki. Marubuci Octavio Paz ya tsaya masa, a 1951 Buñuel ya ci kyautar gwanin darakta a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa, sai gida ma aka dawo ana yabo. A 2003 UNESCO ta sa shi cikin kundin abubuwan tarihin duniya da take adanawa.

Idan abin da kake nema fim ne da zai taɓa maka zuciya, ka tsaya a nan, ba ka yi asara ba. Ni ma da za a ce in ba wa matashin darakta fim ɗaya ya koyi yadda ake nuna talaka ba tare da wa'azi ba, shi zan miƙa. Matsalata da shi a wannan takarar ita ce shi ne mafi ƙarancin Buñuel a cikin ukun. Ka cire mafarkin, ka cire karen da ya gifta a idon Jaibo lokacin da yake mutuwa, da ƙwan da Pedro ya jefi kyamara da shi, abin da ya saura labarin zahiri ne tsantsa wanda wani gwanin ma zai iya yi.

Na biyu ya zo bayan shekara ashirin da biyu, a Faransa, mai launi, da Faransanci: Le Charme discret de la bourgeoisie na 1972, wanda za ka fi saurin samu da sunan The Discreet Charm of the Bourgeoisie. Shi da Jean-Claude Carrière suka rubuta, shi ne kuma ya ci Oscar na fim ɗin harshen waje a 1973. Mutum shida ne, masu hannu da shuni, maza uku mata uku, ciki har da jakadan wata ƙasa ta ƙage mai suna Miranda, wanda Fernando Rey ya fito a matsayinsa, yana shigo da hodar ibilis a jakar diflomasiyya. Burinsu ɗaya ne, su zauna su ci abinci tare, kuma har fim ya ƙare ba su gama cin ko sau ɗaya ba. Ran farko suka zo gidan abokinsu, matar gida ta ce ai gobe ne. Suka tafi gidan abinci, suna duba takardar kayan ci sai suka ji kuka, ashe mai wurin ne ya mutu an shimfiɗe shi a ɗakin da ke kusa. Matan suka je shan shayi aka ce babu shayi, babu kofi, babu madara. Wata rana an zauna ke nan sojoji masu atisaye suka shigo. Wata ranar kuma kajin da aka kawo na roba ne, labule ya ɗaga, sai ga su a kan dandamalin wasan kwaikwayo jama'a na kallonsu, ba wanda ya san abin da zai ce.

Wurin da na fi so ba ma na abinci ba ne. Wani bishop ya zo neman aikin lambu a gidan abokin nan nasu, da kayan lambu a jikinsa, masu gida suka fatattake shi. Ya koma ya sako rigarsa ta limanci ya dawo, suka rusuna suna ba shi haƙuri. Akwai kuma inda suka kira direba suka ba shi giya, ba don karamci ba, don kawai su nuna wa juna cewa talaka bai iya sha ba. Buñuel yana da shekara saba'in da biyu a lokacin, hannunsa ya faɗa, ba ya ɗaga murya, yankansa sai ka matsa gaba kake jin zafi.

To amma a nan mafarkin ya yi yawa har ya zama dabara. Wannan ya farka, ashe mafarkinsa yana cikin mafarkin wancan, shi ma ya farka. Karo na farko ka yi mamaki, na biyu ka yi dariya, daga na uku ka daina yarda da komai, ko an harbe mutum ka san wani zai tashi zaune a kan gado. Mutanen shida kuma ba abin da ke taɓa su. 'Yan sanda suka kama su, minista ya bugo waya aka sake su, ƙarar jirgin sama ta danne dalilin da ya bayar. Da gangan aka yi, ma'anar ke nan, irin waɗannan ba sa faɗuwa. Sai dai fim ɗin da ba abin da zai sami mutanensa, mai kallo ma ba abin da ke samunsa. Ga kuma maganar da ta shafe mu: akwai mu'amalar mata da miji da ta neman matar aure a fili, ga giya daga farko har ƙarshe. Ba fim ɗin kunnawa a falo da iyali ba ne.

Na uku yana tsakaninsu a shekaru, shi ne kuma zaɓina: El ángel exterminador na 1962, wato mala'ika mai halakarwa, The Exterminating Angel a Turance, wanda ya ɗauka a Meksiko da hoton baƙi da fari. Gustavo Alatriste ya zuba kuɗin, matarsa Silvia Pinal tana cikin 'yan wasa, Gabriel Figueroa ya riƙe kyamara kamar yadda ya riƙe a fim ɗin yaran. Wani attajiri, Edmundo Nóbile, da matarsa Lucía suka gayyato manyan gari kusan ashirin cin abincin dare bayan an tashi daga opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa. Tun kafin baƙi su iso, 'yan aikin gidan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kuku da mataimakansa, kowa da uzurin da shi kansa bai gamsu da shi ba. Shugaban 'yan aikin kaɗai ya rage. Aka ci, aka koma falo, wata ta kaɗa fiyano, dare ya yi nisa, aka fara cewa to bari mu tafi. Ba wanda ya tafi. Wani ya tuɓe kwat, abin kunya a irin wannan taron, sai mai gida ma ya tuɓe tasa don kada baƙon ya ji nauyi. Suka kwanta a kan kujeru da kafet.

Da safe shugaban 'yan aikin ya turo musu kofi, aka ce ya koma ya ɗauko cokula, ya zo bakin falon ya tsaya. Babu ƙofa a wurin balle a ce an kulle. Fili ne buɗe tsakanin falo da ɗakin da ke gabansa, kana hango hanyar fita. Kowa ya zo daidai nan sai ya tuna wani abu, ko ya ce bari ya ɗan sha kofi tukuna, ko ya zauna kawai ya fashe da kuka.

Daga nan Buñuel ya bi abin a hankali kamar mai rubuta rahoto. Ƙishirwa ta sa suka fasa bango suka huda bututun ruwa, manyan mutane suna ture juna a kan kofi ɗaya. Manyan tulunan ado da ke wani ɗan ɗakin ajiya suka zama masai. Wani dattijo ya mutu aka cusa gawarsa a kabad, wari ya fara tashi. Saurayi da budurwa da ke shirin aure suka kashe kansu. Shugaban 'yan aikin ya koma cin takarda. Wata ta buɗe jakarta sai ga ƙafafun kaza na tsafi. Tumakin da matar gida ta tanada don wani wasan ba'a suka shigo falon da ƙafarsu, aka yanka aka gasa da katakon kayan ɗaki, dabbar beyar kuwa tana ta yawo a sauran gidan. A waje 'yan sanda da sojoji da dangi sun taru, su ma sun kasa shiga, har aka kafa tutar annoba a ƙofar gidan. Likitan da ke cikinsu yana ta roƙo a riƙe mutunci, su kuwa sun yanke cewa mai gida ne ya jawo musu, sai ya mutu za su fita.

Na taɓa kallonsa da wasu matasa masu harkar fim, ana tsakiya ɗaya ya juyo ya ce, "Yallaɓai, wai kafe su aka yi ne? Ina bokan?" Tambayar ta yi daidai, domin da a nan aka rubuta labarin da tuni an nuna mana wani tsohon ɗan aiki da aka zalunta yana binne layu a bakin ƙofa, a ƙarshe a kira malam ya karya. Buñuel bai ba da boka ba, bai ba da aljani ba, mala'ikan da ke cikin sunan fim ɗin ma ba a gan shi ba. Akwai gane-ganen masu zazzaɓi, har da wani hannu da ke rarrafe shi kaɗai, amma ainihin abin, wato kasa fita, ba a mafarkin kowa yake ba. Ba wanda zai farka. Ido biyu ake, rana na fitowa tana faɗuwa, kuma ga shi ya faru.

Abin da ya sa yake kama ni shi ne daren farko bai fi ƙarfin hankali ba ko kaɗan. Ka tuna walimar gidan wani babba a Nasarawa, an ci an sha, kowa ya gaji, kowa na satar kallon agogo, amma ba mai son ya zama shi ne ya fara miƙewa kafin wane ya miƙe. Kara ce ta zaunar da baƙin Nóbile a daren farko. Buñuel ya ja wannan zaman ne kawai ya ƙi sakinsa, ya ga kwana nawa ladabi zai yi in babu ruwa, babu masai, babu ɗan aikin da zai kwashe ƙazanta. Ka lura kuma su wa suka tsira: masu wanke-wanke da dafa abinci, waɗanda jikinsu ya ba su tun kafin a fara.

Yadda suka fita ma ba bayani ba ne. Leticia, wadda Silvia Pinal ta fito a matsayinta, ta lura cewa bayan duk jujjuyawar da aka yi, kowa ya dawo daidai inda yake a daren farko. Ta sa aka sake kaɗa ƙarshen kiɗan, kowa ya maimaita abin da ya faɗa, aka ce dare ya yi bari mu tafi, sai suka tafi. Suka shirya addu'ar godiya a babbar majami'a, aka gama, limamai suka zo bakin ƙofa suka ce bari jama'a su fara fita. Jama'a ba su fita ba. A waje ana harbin masu zanga-zanga, garken tumaki kuma ya nufi ƙofar majami'ar.

Yana da nasa rauni. 'Yan wasan sun yi yawa, mazan duk da baƙar kwat iri ɗaya, a allon waya sai ka kai rabin fim ba ka rarrabe wasu ba. Nemi kwamfuta ko talabijin. Maganganu suna da yawa da Sifaniyanci, dole ka bi rubutun fassara a ƙasan allo, ba kamar fim ɗin yaran ba da ko ba fassara za ka gane inda aka dosa. Buñuel da kansa ya ce ya so a Paris ko Landan ya ɗauke shi, inda zai sami kayan alatu da 'yan wasan da suka fi kama da masu kuɗin gado. Ni ban ga asarar ba, wannan ɗan ƙarancin ya sa falon ya fi ƙunci. Suka ga coci kuwa tana cikin duka ayyukansa, a nan da sauƙi ma. Wanda ya fi zafi shi ne Viridiana na 1961, da ya ci babbar kyautar Cannes, jaridar fadar Paparoma ta yi tir da shi, gwamnatin kama-karya ta Janar Franco ta hana nuna shi a Sifaniya, ba a nuna shi a can ba sai 1977. In za ka kalla da aboki Kirista daga Sabon Gari, ka gaya masa tun da wuri.

Wanda bai taɓa ganin Buñuel ba kuma ba ya son a wahalar da shi, ya fara da Los Olvidados, bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma ba da yara a kusa ba. Wanda ya riga ya saba, yana son dariyar manya, ya ajiye na Faransa zuwa ƙarshe. In fim ɗaya kawai datarka za ta iya saukewa, ko ɗaya za ka ce mai turi ya sa maka, ka ce na falon. Gargaɗi ɗaya: a farkonsa za ka ga baƙi sun shigo gidan, mai gida ya kira ɗan aiki, sun hau bene, sai kuma ka ga sun sake shigowa sun sake hawa. Can a teburi mai gida zai miƙe ya yi jawabin girmama baƙuwarsa, jim kaɗan ya sake miƙewa ya maimaita, wannan karon ba mai sauraronsa. Kada ka koma wa mai turin da faɗa cewa ya ba ka fim mai tsalle. Figueroa ma da ya ga an haɗa shi ya zaci kuskuren mai tacewa ne, ya je ya gaya wa Buñuel, shi kuwa ya ce haka ya shirya abinsa.